Mintuna Goma Sha Ɗaya da Aka Share

Likitar ido ce ta fara ganin abin, kuma a bakin danja ta gan shi. Tana cikin motarta da safe tana jiran a ba su hannu, sai ga bas ɗin ’yan makaranta ta tsaya gefenta, cike maƙil da yara, wani dattijo mai furfura a gemu yana riƙe da sitiyari. Mako uku kafin ranar, ita da kanta ta zaunar da mutumin nan gaban allon haruffa, ya kasa karanta layi na biyu. Da hannunta ta shigar da cewa bai dace ya ƙara tuƙi ba.

Tana isa asibitin ta buɗe fayil ɗinsa. An rubuta idonsa garau, an tura wa ofishin lasisi, kuma da sunanta aka yi.

Asibitin ƙarami ne, aikinsa gwada idon direbobi kafin a sabunta musu lasisi. Washegari Darakta ya kira ni. Mai Bin Sawu ake ce mini. Idan wani ya shiga kwamfutar da bai kamata ya shiga ba, ni ake kira in gano ta ina ya bi. Shekarata goma sha tara a aikin, kuma ban taɓa zuwa wuri na tarar ba su riga sun zaɓi ɓarawonsu ba.

Nan ma sun zaɓa. Tun daga bakin ƙofa nake jin ana raɗa sunan Anti Tafireta.

*

Darakta ya karɓe ni a ofishinsa, na’urar sanyaya ɗaki na ta gurnani, shi kuma yana ta share gumi.

“Malam, abin a fili yake,” ya ce. “Shekara goma sha shida tana buga mana takardu. Bara ta ce ita ma za ta koyi rubuta manhaja. Muka ji tausayi, muka bar Injiniya ya koya mata. Ita ta rubuta abin da ke tambayar mutum sunansa da kalmar sirrinsa kafin ya shiga. Wa zai fi sanin ƙofa fiye da wanda ya kafa ta?”

“An gan ta?”

“A kwamfutar teburin karɓar baƙi aka yi abin. Ita ke zama wurin da la’asar.”

“Na ce an gan ta?”

Ya dube ni kamar na taka masa ƙafa. Ya ce ofishin lasisi sun ba shi zuwa ƙarshen mako ya kai rahoto, kuma rahoto ba ya tafiya babu suna a ciki. Idan sunanta ya tafi a matsayin wadda ta sauya sakamako, aikinta ya ƙare, kuma ’yan sanda za su biyo baya.

*

Injiniya ne ya kai ni ɗakin uwar garke, wato babbar kwamfutar da duk sauran ke ɗiba daga cikinta. Ɗaki ne matsattse a ƙarshen baranda, babu taga, wayoyi shuɗaye sun sauko daga silin an ɗaure su tsaf. Mutum ne mai natsuwa, mai fararen riguna, irin waɗanda ke yin magana a hankali don a matso a saurare su.

“Yallaɓai, ga rajistar,” ya ce. “Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa tana rubuta shi. Amma za ka ga matsala.”

Na gani. Ranar Alhamis ɗin da aka sauya sakamakon, rajistar ta zo daidai har ƙarfe huɗu da minti talatin da takwas, sai ta yi tsalle zuwa huɗu da arba’in da tara. Mintuna goma sha ɗaya babu su.

Kakana sawun shanun sata yake bi, kuma yakan ce wurin da aka share ya fi wurin da aka taka magana. Wanda ya share nan ya san abin da yake yi, bai bar ko ɗigo ba.

“Su wa ke iya taɓa rajistar?”

“Ni da ita.” Ya yi ajiyar zuciya. “Ban so in faɗa ba. Ɗalibata ce. Hannunta na da kyau, amma ka san mai koyo, wani lokaci yana son ya gwada ƙarfinsa.”

“Me ya hana wanda ya iya sharewa ya sauya sakamakon daga nan ciki kawai?”

“Ofishin lasisi ba sa karɓar sakamako sai an shiga da sunan likita ta ƙofar gaba. Dole sai da kalmar sirrinta.”

Ya amsa da sauri, ya amsa daidai. Na yaba masa a raina, Allah ya gani.

*

Likita ta rantse ba ta taɓa gaya wa kowa kalmarta ba, ba ta kuma rubuta ta a ko’ina ba. Na ce ta shiga in gani. Ta gyara tabarau, ta fara buga haruffa da yatsu biyu, kamar kaza na tsintar tsaba. Allon ya nuna mata: *Yi haƙuri, ban gane ki ba. Sake gwadawa.*

“Kullum haka muke yi da shi,” ta ce cikin ƙosawa. “Sai na yi sau biyu ko uku. Harafi ɗaya zan kuskure ya hana ni. Amma dai yana da ladabi, ba kamar tsohon tsarin ba.”

“Wa ya rubuta masa ladabin?”

“Anti. Ta ce ba ta son na’ura tana yi wa mutane tsawa.”

Ta sake gwadawa, a karo na uku ya buɗe mata.

*

Akwai wani sawu da ya ɓata mini yini guda, kuma har yau ina jin haushin kaina. Mai sayar da magani na asibitin ya ja ni gefe ya ce ya sha ganin Baba mai shara yana leƙa ƙarƙashin kibod ɗin mutane, inda wasu ke ɓoye takardar kalmar sirrinsu. Na zauna da tsohon a bayan gini, kusa da famfo, na yi ta zagaye-zagaye kamar lauya. Ya bar ni na gama tsaf.

“Ɗana,” ya ce, “ƙura nake nema a ƙarƙashin abin. Ka kawo mini takarda ka rubuta sunana, idan na gane shi ka kai ni gidan yari.”

Bai iya karatu ba. Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ya saba.

Na je wurin direban kuma. An riga an karɓe masa makullin bas, na same shi zaune a ƙofar gidansa yana kallon titi da idon da ba ya ganin titin. Ya ce shi dai an kira shi an ce lasisinsa ya fito, ya je ya karɓa. Na tambaye shi ko ya san wani a asibitin.

“Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi,” ya ce, “ko akuya ban taɓa bugewa ba.”

Na taso da tabbacin yana kare wani, amma ban san wa ba.

*

Da gangan na bar Anti Tafireta ƙarshe. An dakatar da ita, don haka a gida na same ta, a hawa na biyu na wani bene da fentinsa ya kwaile. Mace ce da ta doshi hamsin, siririya, yatsunta dogaye. Teburin cin abinci ta mayar wurin karatu: tsohuwar kwamfuta, littafi mai kauri da gefensa ya yi baƙi don buɗewa, da tulin littattafan rubutu irin na ’yan firamare. ’Yarta ta kawo mini ruwa ta dire kofin da ƙarfi, ta harare ni, ta koma ciki.

“Ka yi mata uzuri,” in ji Anti. “A makarantarsu an fara cewa uwarta ta sayar da rayukan yara.”

Na tambaye ta ina take ƙarfe huɗu da arba’in na ranar.

“Wata tsohuwa aka ɗiga wa magani a ido, ba ta gani sosai. Na riƙe hannunta na kai ta bakin titi ta hau tasi. Ban san sunanta ba. Na san ba shaida ba ce.”

“Ba shaida ba ce.”

Na ce ta nuna mini abin da ta rubuta. Nan fuskarta ta sake. Ta buɗe littafin farko ta shiga yi mini bayani kamar ban taɓa ganin kwamfuta ba: uwar garke tana karɓar baƙi, amma ba ta san wa za ta bari ya shiga ba, sai a rubuta mata wata ƙaramar manhaja a maƙala mata. Ita Mai Gadi ta sa wa tata suna. Wata bakwai ta yi tana fama da shi. Sau huɗu ta kayar da uwar garken gaba ɗaya, Injiniya ya yi ta dariya yana tayar da ita. Ta nuna mini yadda Mai Gadi ke niƙa kalmar sirri kafin ya ajiye, yadda ko ita ba za ta iya mayar da garin ya koma tsaba ba. Aiki ne mai tsafta, na rantse. Na ga na masu digiri da bai kai shi ba.

Sai idona ya faɗa kan wani layi guda.

“Hajiya, wannan fa?”

“A’a, wannan don koyo ne. Da farko Mai Gadi yana hana mutane shiga ban san dalili ba. Sai na sa shi ya riƙa rubuta mini a rajista duk abin da mutum ya buga idan ya kuskure, don in ga inda matsalar take.”

“Har da kalmar sirrin da ya buga?”

“Ai ta kuskure ce. Ba ta buɗe komai.”

“Likita tana kuskuren harafi ɗaya kullum. Yau ta kuskure na farko, gobe na huɗu, jibi na ƙarshe. Wanda ya karanta rajistar kwana uku, me zai haɗa?”

Na ga lokacin da abin ya shige ta. Ta ɗora hannu a baki, ta daɗe ba ta sauke ba. Kuskure ne na mai koyo, wanda ya damu ya gane kuskurensa har ya manta akwai masu leƙe. A gefen layin, a cikin littafin, an yi alama da jan biro an rubuta: *Ya yi kyau.*

“Rubutun wa ne wannan?”

“Malamina. Injiniya. Duk layin da na rubuta sai ya duba ya sa hannu.”

Babu injiniyan da zai ga layin nan bai daka tsawa ba. Na bar zargina a raina, don jan biro ba ya kama ɓarawo.

“Da ba a share mintunan nan ba,” na ce, “da mun ga abin da shi kansa ya buga.”

Ta dube ni. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwali irin na takalmi, cike da takardu an huda su an ɗaure da zare.

“Ni tsohuwar mai buga takardu ce,” ta ce. “Abin da bai hau takarda ba ban yarda da shi ba. Kullum ƙarfe biyar nake buga rajistar yinin in taho da ita gida in yi nazari. Injiniya bai sani ba. Kunya nake ji, kada ya ce har yanzu ban waye ba.”

Tun da aka dakatar da ita ba ta buɗe kwalin ba, don babu wanda ya gaya mata an share wani abu. Muka nemo Alhamis ɗin. Mintuna goma sha ɗaya suna nan cif, ta buga su kafin ofis ya watse mai sharewa ya samu dama. Huɗu da arba’in da ɗaya: an buga sunan Likita, an buga wata kalma, Mai Gadi ya ƙi. Kalmar ba ta yi kama da ta Likita ba ko kusa. Huɗu da arba’in da biyu: an sake, ya buɗe.

Yatsu suna da tasu al’adar. Mutumin da ke buga kalma ɗaya sau ashirin a yini, idan ya zauna a tsorace yana waige, tasa za ta fara fita kafin ya tuna ta wani ya zo bugawa.

Ban ɓoye mata komai ba. Na ce takardar nan za ta wanke ta daga sata, amma ita ce kuma za ta nuna wa duniya cewa Mai Gadinta ya yi wata da watanni yana zubar da sirrin mutane a fili, kuma ta kwaso su ta kawo gida cikin kwalin takalmi. Na ce idan ta ƙona, wataƙila babu hujjar da za ta kama kowa, har ita.

Ta waiga wajen ƙofar ɗakin da ’yarta ta shiga.

“Gara yarinyar nan ta ji an ce uwarta jahila ce da a ce ɓarauniya ce,” ta ce. “Ɗauki.”

*

Da safe na niƙa kalmar yadda Mai Gadi ke niƙawa, na gwada garin da na ma’aikata ashirin da uku. Ta dace da ɗaya. Mai ita bai ma sauya ta ba, don ya yarda da tsintsiyarsa.

Na ce Darakta ya tara su a ɗakin taro: shi, Likita, Injiniya, Anti Tafireta, da Baba mai shara, wanda na nace a kira don a wanke shi a gaban mutane. Na yi bayanin layin da yadda aka haɗa kalmar Likita. Anti ta sunkuyar da kai, Darakta yana ta gyaɗa nasa, yana ganin hanya ta miƙe inda yake so.

“Wallahi na yi baƙin ciki,” in ji Injiniya a hankali. “Da na lura da layin nan da na cire shi.”

Na buɗe littafin na tura masa, jan bironsa na kallonsa. Sannan na rubuta kalmar a ’yar takarda, na ninke, na ajiye gabansa.

“Ba zan karanta ta a fili ba,” na ce. “Sunan ’yarka ta fari ne da shekarar haihuwarta, bai kamata a ji shi a irin wannan zama ba. Ka duba ko na kuskure harafi.”

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, ba ni ya kalla ba, kwalin takalmin da ke gaban Anti ya kalla.

“Takarda,” ya ce. “Har yanzu takarda kike bugawa?”

“Malam,” ta ce, “ka ga layin tun wata bakwai. Me ya sa ba ka gyara mini ba?”

Injiniya ya kau da kai daga gare ta. Ya fuskanci Darakta, ya ce direban yayan matarsa ne, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, mutum tara ke ci daga sitiyarin nan. Ya ce da farko ya bar layin ne don ya ga ko za ta gano da kanta, daga baya kuma buƙata ta zo.

“Yara arba’in ne a cikin bas ɗin,” in ji Likita. “Na ƙirga su a bakin danja.”

Baba mai shara ya miƙe ya ce idan an gama da shi, yana da baranda bai goge ba.

*

Na rubuta rahotona shafi shida, da sunan kowa da abin da ya yi. Wanda Darakta ya kai ofishin lasisi shafi ɗaya ne. Ya ce an samu rauni a manhajar tantance masu shiga, an gano ma’aikaciyar da ta rubuta ta, an sallame ta, an soke lasisin da ya fita bisa kuskure. Ko kalma ɗaya ba ƙarya ba ce, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Na shiga ofishinsa ban yi sallama ba. Na ce an bar jaki ana dukan taiki.

“Malam, zauna,” ya ce. “Idan na kori Injiniya yau, wa zai tayar da uwar garken gobe? Kai? An ja masa kunne, an rage masa matsayi. Ita kuma babu ’yan sanda, babu kalmar sata a takardarta. Ba abin da ta nema ke nan ba?”

Na aika nawa rahoton kai tsaye ofishin lasisi. Sun rubuto sun gode. Wata na biyar ke nan ban sake jin komai daga gare su ba.

Ranar da Anti ta zo kwashe kayanta ina nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi sallama da kowa ba sai Baba, wanda ya riƙe mata jaka. Ta tsaya a teburin karɓar baƙi ta ce mini abu ɗaya ya rage.

“Layin nan yana nan har yanzu. Ni na sa shi, ni zan cire shi. Minti biyu.”

Ta zauna, ta miƙe baya irin zaman masu tafireta, yatsu goma suka sauka kan kibod. Ta buga sunanta da kalmarta, ban ga ta kuskure ko harafi ba. Amma tun da safe Injiniya ya rufe mata shiga, bisa umarnin Darakta.

Allon ya nuna: *Yi haƙuri, ban gane ki ba. Sake gwadawa.*

Ta karanta har ƙarshe, ita da ta rubuta shi. Ba ta sake gwadawa ba. Ta ja kujerar ta mayar ƙarƙashin tebur, ta karɓi jakarta daga hannun Baba.

“To,” ta ce mini, “wannan ɓangaren dai na rubuta shi daidai.”